Gefen Rana

Daga masauki, ranar Talata

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Baba ya ce har yanzu ke kike hawa bene da kanki kina shanya, kin ƙi yarda a taimake ki. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tsamin kafaɗa, shi ma mai tausa ta ce ba komai ba ne. Ga shi na rubuto da biro a takarda kamar yadda kike so, tunda kin rantse ba za ki karanta saƙon waya ba. Sai da na zagaya shago uku kafin na sami ambulan.

Bayan haka, na san labari ya iso miki cewa an sake fitar da mu jiya, a zagaye na biyu. An tura mu can filin ƙarshe, jikin wurin ajiye motoci, da ƙarfe ɗaya na rana. Na ƙirga 'yan kallo, su goma sha ɗaya ne, biyu daga cikinsu inuwa suka zo nema su ci abincinsu. Haka ake yi wa 'yan wasan bibbiyu a duniyar tanis, na saba. Abin da na gaji da shi shi ne 'yarki, abokiyar wasana.

Goggo, ki yi haƙuri, amma Yaya ta ƙare. Sau huɗu ta yi sabis jiya, wato ita ke buɗe bugu, sau uku abokan karawa suka karɓe wasan. Za ta jefa ƙwallo sama ta cafe, ta sake jefawa ta sake cafewa, kamar mai gwada nauyin kabewa a kasuwa. In ta buga kuma, ƙwallon ta tafi salalo-salalo, sai a auno ƙirjina da ita a bakin raga. Ga tsohuwar hular nan mai dogon baki da gumi ya yi wa zanen gishiri, ga ido kullum yana zubar da ruwa. A ɗakin canza kaya yanzu ba wanda ke kiran ta da sunanta, Malafa ake ce mata. Ba zan ɓoye miki ba, ni na laƙaba mata, kuma ya zauna daram.

Kada ki ce son zuciya ne. Ga takardar da masu ƙididdigar gasa suka ba ni, na haɗo miki. Cikin sabis ɗari ina riƙe tamanin da biyu, ita hamsin da tara. Shekara tara ina ɗauke da ita a baya. Duk da haka ita ce mai zuwa wurin alƙalin wasa in za a jefa kwabo, ita ce mai yanke wanda zai fara sabis. Yau ta ce, "Auta, fara." Gobe ta ce, "Bari in fara." Ba dalili, ba bayani, girma ne kawai ya faɗa mata. Wace ƙungiya ce mai hankali ke barin mai raunin sabis ta fara?

Yanzu ga maganar. Kin san doguwar nan da ake kira Gimbiya, lamba tara a duniya a wasan ɗaiɗai. Kocinta ya same ni a ɗakin cin abinci, ya ce tana son ta shiga bibbiyu a babbar gasar ƙarshen wata, kuma ni take so, saboda sabis ɗina. Ni, Goggo! Da ita babban fili za a ba mu, mai kujeru da kyamara. Ana rufe rajista ranar Juma'a ta uku daga yau, ƙarfe goma sha biyu, kuma dole mu biyun mu sa hannu.

Ban faɗa wa Yaya ba tukuna. Ke kika haife ta, kin san ta inda ake bi da ita. Ki shirya mata zuciya, ki nuna mata shekara talatin ba wasa ba ce, ta fara tunanin koyarwa kamar ke. In daga bakinki ta ji, zai fi mata sauƙi.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Auta

*

Gida, ranar Asabar

Auta,

Na sami wasiƙarki, na gode da tambayar gwiwa. Tana nan tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma tana kai ni inda nake so. Babanki lafiya lau, an rage masa maganin hawan jini. Ban karanta masa abin da kika rubuto ba, don kada a sake ƙara masa.

Sannu da wahalar neman ambulan. Shago uku! Ashe ƙafarki tana iya zuwa wani wuri in ba a buga miki ƙwallo daidai hannunki ba.

Takardar alƙalumanki ta iso lafiya, ta kuma yi amfani. Teburin kicin ya daɗe yana rawa, na ninka ta huɗu na cusa ƙarƙashin ƙafarsa, yanzu ya tsaya cak. Ki yi wa masu ƙididdiga godiya.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da wasanni a makarantar 'yan mata. A filin simintin nan na bayan kicin, wanda muka ɗaure ragarsa da igiyar shanya, na sa miki raket a hannu kina shekara shida, majina har baki. Na ga yara masu baiwa da yawa, na kuma ga masu baiwar da ba su ganin komai sai inuwar kansu. Ban taɓa zaton wadda ta fi kowa a rukuni na biyun daga gidan ƙanena za ta fito ba.

Wai ni zan shirya mata zuciya. Ke da kike kwana ɗaki ɗaya da ita, kuke cin abinci a tebur ɗaya, kuke zama kujera ɗaya a jirgi, ba ki da bakin da za ki faɗa mata, sai ki aiko wa tsohuwa da takarda ta ƙetare ƙasa da ƙasa? Ashe jarumtar taki a bakin raga ta tsaya. Ba zan faɗa mata ba. In za ki yi yankan, ki riƙe wuƙar da hannunki, ki kuma dube ta ido da ido, idon nan mai ruwa da kike ƙyama.

Maganar Malafa kuma, na san ku taubasai ne, tun kuna ƙanana kuke tsokanar juna ina dariya. Amma tsokana a tsakar gida ake yin ta. Wadda aka kai ɗakin canza kaya aka raba wa bare, sunanta wulaƙanci.

Ita wannan Gimbiyar taki na gan ta a talabijin. Ta iya buga ƙwallo, ban hana ta ba. Na kuma ga yadda take miƙa hannu baya a sa mata tawul ba tare da ta waiwaya ta ga ko mutum ne ya miƙo ko ƙusa ce a bango ba. Irinsu suna shiga bibbiyu ne su motsa jini kafin wasansu na gaske. Ki tambayi kanki abin da za ki zama a wurinta.

Akwai maganar da aka ɗaure mini baki a kanta, ba zan kwance ba. Amma wannan zan iya faɗa. Kafin ki sa hannu a kowace takarda, ki nemi hotunan wasanninku, goma ko ashirin, ki zauna ki kalla. Kada ki kalli kanki, na san da wuya, amma ki daure. Ki duba daga wane gefen fili kike sabis, daga wane gefe take yi. Shi ke nan aikin da na ba ki, ko 'yar aji ɗaya za ta iya.

Allah ya shirye ki.

Goggonki

*

Daga wani masaukin, ranar Laraba

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma murna da jin an rage wa Baba magani. Kafaɗa ta warke. Mun sauka a wani gari, ɗakin yana kallon tashar jirgin ƙasa, ga Yaya da minshari.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ban yi mamaki ba. Uwa uwa ce, ko 'yarta ta zubar da sabis ɗari za ta ce fili ne ya karkace. Wato yanzu laifin gefen fili ne? Goggo, filayen nan ba irin naki na bayan kicin ba ne, mai rami a kusurwa da tsagewa a tsakiya. Da na'ura ake auna su, gefe da gefe duk ɗaya ne. Zamanin da kuka yi wasa da raket ɗin katako ya wuce, yanzu kwamfuta ke faɗin wanda ya iya da wanda bai iya ba, ba ta kuma da 'ya a cikinmu. Ba ni da lokacin zama kallon tsofaffin hotuna ina neman wa Yaya uzuri.

In ma rana kike nufi ko iska, ai fili ɗaya muke tsayawa ni da ita, sama ɗaya ce a kanmu. Me ya sa ni ba ta dame ni? Kin taɓa ganina da hula? Shekara tara kaina a buɗe, ɗan ƙyallen goshi kawai, shi ma don kamfanin da ke ba ni kaya suna so a ga tambarinsu. Ita kuwa ta naɗe kamar mai zuwa gona, duk da haka tana hawaye. Wani jikin ne kawai ba na wasa ba.

Jiya na yi atisaye da Gimbiya, a ɓoye, a filin cikin gida mai rufi. Goggo, da kin ga ƙwallo! Ko'ina ta sa ido nan take sauka. Mutum huɗu ke bin ta, mai ruwa daban, mai ɗaure raket daban. Na yi sabis goma sha biyu a jere ba kuskure, ta juyo ta ce, "Ba laifi." Kocinta ya ce wannan a bakinta babban yabo ne. Da na dawo ɗaki na tarar da Yaya zaune a bakin gado tana ɗiga magani a ido, ta wanke safana ta shanya a jikin taga. Ta ce, "Ina kika shiga? Na ajiye miki abinci." Wallahi tausayi ta ba ni, amma tausayi ba ya cin kofi.

Tunda kin ƙi taimaka mini, zan faɗa mata da kaina. Ina dai so ki sani ban yi don cin mutunci ba. Ina da shekara ashirin da huɗu, ba zan ƙare rayuwata a jikin wurin ajiye motoci ba. Maganar ɗaure baki kuma, in akwai abin faɗa ki faɗa. In babu, ki bar ja mini rai kamar mai ba yara tatsuniya.

Muna nan har ranar Lahadi, daga nan sai garin babbar gasa.

Auta

*

Gida, ranar Asabar

Auta,

Lafiya muke, ina fatan kina lafiya. Yau ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Na ba ki aikin 'yar aji ɗaya kin kasa, to bari in tauna miki in sa miki a baki. Zan karya alkawarin da na riƙe shekara tara, Allah ya yafe mini, ita ma ta yafe mini.

Kin tuna gasarku ta farko tare, kina shekara goma sha biyar? Na san ba ki tuna ba, ƙwaƙwalwarki kofuna kawai take ajiyewa. Ƙarfe ɗaya na rana aka sa ku. Ke kika yi sabis daga gefen da rana ke dukan fuska. Ke kuma tun kina ƙarama kina jefa ƙwallo sama fiye da kowa, kanki a ɗage, ido a buɗe, kina jiran ta sauko. Shi ya sa sabis ɗinki ke da ƙarfi, shi ya sa kuma rana ke kashe shi. Ranar nan sau goma sha ɗaya kika zubar da sabis biyu a jere. Kika shige banɗaki kika kulle, kika ce ko an yanka ki ba za ki sake taɓa raket ba. Sai da mai shara ta kawo mabuɗi.

A motar komawa gida kina barci a cinyata, Yayarki ta ce mini, "Inna, daga yau ni zan riƙa ɗaukar gefen rana. Amma kada ki faɗa mata. In ta sani za ta fara jin tsoronsa, in kuwa ta fara tsoro ta gama." Washegari ta sayi hular nan.

Kin fi ni sanin doka. A wasan bibbiyu, gefen da mutum ya fara sabis, nan zai yi ta yi har turmi ya ƙare. Shi ya sa take zuwa wurin jefa kwabo. Tana duba sama, ta duba tutar da ke kan shinge ta ga inda iska ke kaɗawa. In sabis ɗinku na farko ya faɗo a gefe mai kyau, ta ce, "Auta, fara." In ya faɗo a mugun gefe, ta ce, "Bari in fara." Wannan shi ne girman da kika ce ya faɗa mata. In ba rana akwai iska, ita ke bugawa cikinta. Jefawar da take yi tana cafewa, ƙwallon take nema a cikin haske. Ruwan idon kuma likita ya gaya mata dalilinsa tun shekara uku da suka wuce, ya ce ta rage kallon rana, ta ce to.

Tamanin da biyunki da hamsin da taranta, duka biyun nata ne. Kwamfutarki ba ta da 'ya a cikinku, gaskiya ne, amma ba ta da ido kuma, ba ta taɓa ɗaga kai ta kalli rana ba.

Kika ce kin yi sabis goma sha biyu a fili mai rufi. Sannu da ƙoƙari. Ni ma a ƙarƙashin rufi ina iya zare allura.

Kada ki sa hannu. In kuma sai kin tafi, ki tafi kin san abin da kika bari. Zan aika wannan masaukin da kike, zan kuma sa babanki ya kira ki ya ce ki jira ta.

Goggonki

*

Daga garin babbar gasa, ranar Juma'a

Goggo,

Ina gaisuwa. Lafiya ƙalau muka iso tun Lahadi. Na duba ofishin 'yan wasa kullum, ba wasiƙarki. Na gane, fushi kike, shirun ne amsarki. Baba ya kira ni sau biyu, na san ke kika sa shi, ban ɗauka ba don ba ni da ƙarfin sauraron wa'azi a makon nan. Na tura masa saƙo cewa ina atisaye.

An gama. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi muka sa hannu ni da Gimbiya. Ita ba ta ma zo da kanta ba, an kai mata takardar wurin tausa.

Na faɗa wa Yaya shekaranjiya a ɗakin canza kaya, ido da ido kamar yadda kika ce, don kada ki sake kira na matsoraciya. Na shirya jawabi, na zaci za a yi kuka da tonon asiri. Tana ɗaure igiyar takalmi, ta ce, "To." Ta gama ɗaurewa ta ce, "Ƙarfe nawa za a sa ku?" Na ce ban sani ba tukuna. Ta ce, "In da rana ne, ki rage tsawon jifarki kaɗan." Ji fa! Mai hamsin da tara ke koya wa mai tamanin da biyu sabis. Na ce mata na gode, Malama.

Na ji ta sami wata Bahaguwa, tsohuwa kamarta, wadda abokiyarta ta ji rauni, sun sa hannu tare. Allah ya ba su sa'a, za su buƙace ta.

Jadawali ya fito. Ranar Talata, fili na biyu, ƙarfe biyu. Za a nuna a talabijin, ki kunna.

Auta

*

Ranar Alhamis

Goggo,

Ina fatan kina lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa lafiyar ba, jiki dai ba inda ke ciwo.

Na san kin kalla, ba sai na ba ki labari ba, amma akwai abin da kyamara ba ta ɗauka. Da aka jefa kwabo, Gimbiya ta ɗaga kai sau ɗaya ta dubi sama, ta karɓi ƙwallaye ta wuce gefen da inuwar rumfar 'yan kallo ta rufe. Ko tambayata ba ta yi ba. Na ce a raina, ai babba ce, ta fara. Muka ci wannan. Aka juya, aka zo kaina.

Na jefa ƙwallo, na ɗaga kai, ƙwallo ta ɓace. Fari kawai nake gani, sai wani baƙin ɗigo yana yawo. Na kai duka a iska, gefen raket ya taɓa ta, ta tafi wajen masu ɗaukar hoto. Aka yi dariya. Na sake, ta faɗa raga. Na san na taɓa shiga irin wannan hali, na kasa tuna a ina. Sau goma na zubar da sabis biyu a jere, a gaban mutum dubu huɗu.

Da aka ci mu turmin farko, muna zaune a benci na ce mata, "Don Allah mu yi musaya, ki ɗauki wancan gefen." Ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Ta ce, "Gobe ina da wasan ɗaiɗai, ba zan ƙona idona a kan wasan motsa jiki ba. Ke ba 'yar bibbiyu ba ce? Ai aikinku ke nan." Can kuma ta ce, "Ke ce fa aka ce mini gwanar sabis." Haka aka ci mu, shida da biyu, shida da ɗaya. Ba ta jira mun fita tare ba, kocinta kuma ya daina ganina a ɗakin cin abinci.

Jiya da safe wasiƙarki ta iso. Ta je wancan masaukin bayan mun tashi, suka riƙe ta kwana huɗu, sannan suka turo ta nan, duk ta sha hatimi. A tsaye na karanta ta a ofishin 'yan wasa. Daga nan na nemi hotunan wasanninmu, na zauna na kalli goma sha bakwai. Ko ɗaya babu inda inuwata take bayana ina sabis. Ko ɗaya, Goggo. Ita kuwa kullum tata tana baya, fuskarta a yamutse.

Amma ku ma kun cuce ni. Shekara tara kuna kallona ina yawo da kai a buɗe ina cika baki, ku biyu kun san abin da kuka sani. Da an gaya mini ai da na koyi bugawa cikin rana tun ina ƙarama. Kun mai da ni sakarya, sannan kuna mamakin na yi sakarci. Na rubuta wannan, na kuma san ba shi ne zai wanke ni ba. Ba wanda ya sa ni in ce mata Malafa.

Da yamma na je can filin ƙarshe na tsaya bayan shinge, na kalli wasanta da Bahaguwa. Sun ci. Kanta a buɗe, ba hula, sabis ɗinta yana sauka kamar ana sara itace. Ban taɓa sanin tana da shi ba. Ta hango ni, ta ɗaga mini raket, ta ci gaba da abinta. Na kasa ƙarasawa wurinta.

Goggo, ki roƙa mini ita. Akwai gasa uku kafin ƙarshen shekara. Ki ce mata ni zan ɗauki gefen rana, duka, har ta ce ya isa. Na san na ce miki tsohuwar zamani, na san abin da na ce. Ki taimake ni.

'Yarki,
Auta

*

Gida, ranar Litinin

Auta,

Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi, Babanki yana gaishe ki. Shi ya kashe talabijin a turmi na biyu, ni na sake kunnawa, don ba na barin aiki a rabi.

Wasiƙarki ta zo. Karo na biyu ke nan kina aiko ni wurin 'yata, na farko in kore ta, na biyu in dawo da ita. Ni ba 'yar aikenki ba ce. Maganar mun cuce ki kuma, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, na karɓi rabona. Da na sani da na bar ki kin ƙone tun kina goma sha biyar, lokacin da ba kyamara. Amma mu mun ɓoye miki abu ɗaya ne. Sauran, ido biyu gare ki, kina tsaye taku goma daga ita shekara tara.

Yayarki ta zo gida ranar Asabar, ta kwana biyu. Kin san sun kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma a gasar gaba ɗaya sau ɗaya tak aka karɓe sabis ɗinta. Ki kai wa masu ƙididdigarki su sa a kwamfuta. Na ga kina mamakin rashin hula, to bari in ƙara miki karatu. Bahaguwa da hagu take bugawa, jifarta ta ɗaya ɓangaren take bi. Gefen da rana ke kashe mai dama, ita bai dame ta ba, wanda ke damunta kuma Yayarki ba ruwanta da shi. Kowacce ta ɗauki nata, ba mai ƙonewa don wata. Tun shekara huɗu da suka wuce matar nan take neman ta, tana cewa a'a, tana da ƙanwa.

Na faɗa mata na karya alkawari, na kuma karanta mata wasiƙarki, ba don kin aike ni ba, don hakkinta ne ta ji. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Inna, tafiyarta ba ta ɓata mini rai ba, yarinya ce, dole ta gwada. Sunan ne. Ranar da na fara jin sa a bakin wata, na tambaya wa ya ƙirƙiro, aka nuna mini ita." Ba ta yi kuka ba. Idon ma ya daina ruwa, mako biyu kawai da barin rana.

Sun sa hannu da Bahaguwa har ƙarshen baɗi. Ta ce in gaya miki ba ta riƙe ki a zuci ba, ɗakinta a buɗe yake in kina son hira, kuma in kun haɗu a fili za ta buga miki kamar yadda take buga wa kowa.

Ƙunshin da ke tare da wannan wasiƙa ita ta bari a ba ki. Na so in wanke, ta ce a bar ta yadda take. Ta ce bakin ya ɗan karye ta hagu, ki riƙa karkata shi kaɗan, kuma ki rage tsawon jifar kamar yadda ta gaya miki.

Babanki ya ce a gasa mai zuwa kin sami wata sabuwar yarinya, kuma ke ce babba. To, ke za ki je wurin jefa kwabo ke nan. Na duba jadawali, ƙarfe ɗaya aka sa ku. Ki sa hular.

Goggonki